Tara Tsoffin Fonogiraf Masu Silinda

Fonogiraf mai silinda ita ce na'urar ɗaukar sauti da maimaita shi wadda ta riga garmaho mai faifai. Thomas Edison ne ya ƙirƙiro ta a Amurka a 1877, yana amfani da fallen kuza da aka naɗa wa wani gwangwani. Daga baya Chichester Bell da Charles Tainter suka kawo silinda mai kaki. Kamfanin Columbia ya daina yin silinda a 1912, Edison kuwa ya jure har 1929. Yau masu sha'awar kayan tarihi ne ke sayen waɗannan na'urori su gyara su, galibi a Amurka da Ingila da Faransa, inda kamfanin Pathé mai yin irinsu ya yi tashe.

Samfuran da aka fi nema sun haɗa da Edison Standard da Home da Gem, sai Amberola mai ƙaho a cikin akwati. Ba sa buƙatar lantarki: da hannu ake ɗaure sifirin da ke juya silinda, allura ta bi zanen sautin da ke jikinta, tantani ya girgiza, ƙaho ya ƙara amon.

A wajen gyara ake gane gwani. Tsohon man sifirin yana daskarewa, robar da ke riƙe tantani tana bushewa har sautin ya shaƙe, dole a sake ta. Amma masana ba sa son a kankare fenti ko adon zinariya na asali, domin na'urar da aka mayar sabuwa fil ta kan rasa daraja, kuma suna da gaskiya. Babban haɗari yana ga silindar kanta. Ta minti 2 tana da zane 100 a kowane inci, ta minti 4 da Edison ya fitar a 1908 tana da 200, don haka allurar da ba ta dace ba tana iya cinye waƙa har abada. Kakin yana fashewa da sauƙi, fumfuna kuma tana cin sa a wuri mai laima. Silindar Blue Amberol ta 1912, da aka yi da selulod (wata irin roba mai tauri), ta fi ƙarko nesa ba kusa ba.

Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta ɗora dubban irin waɗannan sautuka a intanet, kowa na iya saurare kyauta.