Mai neman aikin ɗan sanda, ka shirya zuciyarka kamar yadda kake shirya takardu

A ɗaukar kuratan 'yan sandan Najeriya da aka buɗe a 2023, sama da mutum 500,000 suka nema, guraben kuwa 10,000 ne kacal. Duk matashin da ya ji wannan lissafi dole gabansa ya faɗi. A wajenmu ma'aikatan lafiya, faɗuwar gaban ba laifi ba ce. Abin da take jawowa ne ke damunmu.

Tsawo dai ba a saya a kasuwa: ana bukatar namiji ya kai aƙalla mita 1.67, mace 1.64. Amma barci, natsuwa da sabo da kwamfuta duk a hannunka suke. Jarrabawar da JAMB ta shirya a waccan ɗaukar a kwamfuta aka yi ta, lokaci yana tafiya a gaban idonka. Da yawa sun san amsa, hannu ne ke rawa saboda ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ka je shagon intanet ka yi ta gwaji da agogo, har abin ya zama jiki.

Inda na fi so ƙannena su saurara shi ne maganar ƙwaya. Wani zai ce maka tramol na ƙara kuzarin gudu, ko lemon ƙara ƙarfi zai hana ka barci ka yi karatu. Abin da suke yi shi ne su sa zuciya bugawa da sauri, su hargitsa barci, gari ya waye kai ya toshe. Tramol har farfaɗiya yana jawowa, ga gwajin lafiya yana jiranka a gaba. Daren jarrabawa ka kwanta da wuri, ka karya da safe. In kan ya ɗaure a zaure, ka ja numfashi a hankali, ka tsallake tambayar, ka dawo mata daga baya.

Sai masu cewa in ba ka da uwa a gindin murhu kada ka wahalar da kanka. Wannan magana tana kashe gwiwa tun kafin a fara, kuma da ita 'yan damfara ke cin kasuwa. Neman aikin kyauta ne, kada ka ba kowa ko kwabo.

Iyaye, a rage gori. Yaron da sunansa bai fito ba, in ya daina cin abinci, ya kulle kansa a ɗaki, barci ya gagare shi har mako 2, a kawo shi asibiti mu duba shi.