Waiwaye: tun yaushe rediyon mota ya daina kama tashoshinmu?

Kwanan nan duk inda ka zauna da direbobi a Birnin Kebbi, ko a tasha ko teburin mai shayi, sai maganar nan ta taso, wai rediyon mota ya daina kama gari. Wani ya ce gidajen rediyon ne suka rage ƙarfi saboda tsadar dizal, wani ya ce a'a masu wayarin ne ke cire na asali su maƙala maka na banza, wani kuma ya rantse kayan yanzu ne gaba ɗaya ba su da ƙarko. Satin da ya wuce a hanyar Jega na zauna gaba kusa da wani dattijon direba, ya yi ta danna maɓallin neman tasha, lamba na gudu daga 76 ta kai 90 sai ta sake faɗowa 76, ba abin da ke fita sai shuuu. Ya juyo ya ce min "ɗana, wanga abu bana ya hwara, da ba haka yake ba." Na ce Baba wallahi ba bana ba ne, abin ya fi shekara ashirin yana tahowa, mu ne dai ba mu lura ba.

Farkon labarin kowa ya san shi. BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya zo a 1962, duk a gajeren zango da matsakaicin zango muke jin su. A 1972 Najeriya ta sauya hannun tuƙi, a 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, sannan da naira ta karye a shekarun 1980 sabuwar mota ta gagari talaka aka koma Beljiyam, ana sauke su a Kwatano a biyo da su ta iyakokinmu na nan Kebbi. Waɗancan motocin na Turai ne, rediyonsu da namu layi ɗaya suke, shi ya sa ba wanda ya taɓa kuka. Daga baya ne na Amurka da na Japan suka cika kasuwa, wasu a jikin motocin da aka juya wa sitiyari, wasu kuma a kwance cikin kwantenar kayan gyara.

To amma inda nake so a tsaya a duba, wanda ban taɓa jin an kawo shi a cikin musun nan ba, shi ne lokacin da mu kanmu muka tashi daga matsakaicin zango muka koma FM. Ka ga rediyon Japan ɗin nan da ake zagi yau, a matsakaicin zango lafiyarsa ƙalau. Tun 1978 Afirka da Turai da Asiya, har da ita Japan ɗin, suke tafiya a tsari ɗaya, tazarar tara-tara tsakanin tasha da tasha. Saboda haka direban da ya sayi rediyon Japan a wancan lokacin, da ya danna zai faɗa kan Kaduna a 594 daidai wa daida, ya sha labarai da gaishe-gaishe da waƙoƙinsa tun daga Argungu har Yawuri, bai ma san akwai wani ɓangare na akwatin da bai dace da ƙasar nan ba, don ba abin da zai kai shi can. Matsalar tana kwance a cikin motar tun ranar da aka saye ta, ba a dai taka ta ba.

Sai dokar 1992 ta ba ƴan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, na farko ya fara a Legas a 1994, sannan a farkon shekarun 2000 aka shiga kafa gidajen FM na tarayya jiha-jiha, mu ma muka samu Equity a kan mita 103.5. Kowa ya yi murna, ni ma na yi, muryar FM tas take ba ƙugi ba ƙara, ga shi labarin unguwarku ake ba ka da Hausar da ka saba. Sannu a hankali sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa da shirin manoma da kiran waya kai tsaye duk suka tattara suka koma can. To a nan ne aka rabu. FM ɗinmu, kamar na yawancin duniya, daga 87.5 yake zuwa 108. Na Japan kuwa daga 76 zuwa 90 ne, dalili kuwa su can tsakanin 90 da 108 tashoshin talabijin ɗinsu na ɗaya zuwa uku ne suka zauna a wurin shekara da shekaru, sai a 2011 da suka kashe tsohon tsarin talabijin wurin ya samu sarari, daga baya suka ƙara faɗin FM ɗinsu zuwa 95. Ka lissafa da kanka, abin da muka haɗa da tsohon rediyonsu ɗan tsakanin 87.5 da 90 ne kawai, kusan duk tashoshinmu kuwa suna sama da nan. Wato gidan rediyo na iya kasancewa a bayan katangarka da cikakken ƙarfinsa, akwatin ba zai taɓa ganin sa ba. Kuma abin da ya fi damuna, a duk tsawon shekarun nan mai saye ba ya tambaya, mai sayarwa shi ma galibi bai sani ba, a kunna kaset ko faifai a ji sauti ya fita da kyau shi ke nan an yi ciniki.

Na Amurka nasa ciwon daban ne kuma bai kai wannan ba. Yana kaiwa har 107.9, sai dai a lambobin mara kaɗai yake tsayawa, 88.1, 88.3, 88.5 haka, in tasha ta faɗo a cika sai ya tsallake ta. A matsakaicin zango kuma goma-goma yake tafiya, ko 590 ko 600, ba zai zauna a 594 ba. Tsohon rediyo mai allura da ake murɗawa da hannu bai san wannan ba, duk inda ka tsayar da allura nan ta tsaya.

Maganin da masu wayarin suka samo shi ne wani ɗan akwati da bai fi kwalin ashana girma ba, wasu na ce masa kwanbata. Na tsaya a kan wani yaro yana saka wa ƙanen mahaifina, ya zaro rediyon, ya cire wayar eriya ya soka ta a jikin akwatin, ya mayar da ɗaya bakin cikin rediyo, ya haɗa jar waya da wuta, ko minti ashirin bai yi ba. Aikinsa shi ne ya janyo tashoshin ƙasa su shigo inda rediyon ke gani. Wanda aka sa mana 14 yake ragewa, saboda haka 103.5 sai muka same ta a 89.5, Kawu har ya sa aka rubuta masa lambar a takarda ya liƙa kusa da sitiyari. Yana aiki, amma duk tashar da ta haura 104 ta fita daga hannunka, wani sa'in tasha biyu su hau kan juna, kuma in ka yi nisa da gari ya fi saurin sakin murya. Ban ce rashin wuta da karyayyar eriya ba sa taka tasu rawar ba, suna takawa, amma su sukan zo ne su wuce, wannan kuwa yana nan kullum.

Masu hali yanzu sai su cire gaba ɗaya su sa allon Android, shi ma da yawa a cikin saitinsa akwai wurin zaɓen yanki, in an bar shi a Japan ko Amurka haka zai yi ta yi maka har sai an mayar da shi Turai.

Duk wannan na yi wa dattijon nan bayani kafin mu shiga Jega. Ya yi shiru, sannan ya ce tun farkon bana yake jin haushin mutanen da ba su yi masa komai ba. Ya mayar da memorinsa na karatu ya kunna, da ƙarfe huɗu ta yi kuma ya roƙi wani yaro a kujerar baya ya kamo mana labarai a wayarsa, yaron ya zare abin kunne ɗaya ya miƙo masa ta saman kafaɗa.