Waiwaye: yadda sunan mawaƙi ya bar hannun kamfani ya dawo hannun mai shi

Duk wanda yake bibiyar mawaƙa masu zaman kansu, wato waɗanda babu wani ƙaton kamfani a bayansu, zai lura da wani abu: sai kaga suna kamar na ƙungiya, kana zaton mutum biyar ne ko shida, kana bincikawa sai ka tarar ashe mutum ɗaya ne tal a ɗakinsa da kwamfuta da makirfo. Abin nan ba yau ya fara ba, kuma in ba a san yadda ake yi da suna a harkar waƙa a da ba, da wuya a gane dalilin da yasa yaran yanzu suke ɗaukar maganar da zafi haka.

A da can suna ba a hannun mawaƙi yake ba, manaja ne yake raɗa maka ka amsa. A Ingila ƙarshen shekarun 1950 akwai wani manaja Larry Parnes da ya shahara da wannan, shi ya maida Ronald Wycherley ya koma Billy Fury, Reginald Smith kuma ya zama Marty Wilde, kawai don yana ganin sunayen za su fi shiga kasuwa. Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Tina Turner. Sunanta na yanka Anna Mae Bullock, Ike Turner, mawaƙin da daga baya ya zama mijinta, shi ne ya sa mata sunan Tina Turner a 1960 kuma yaje yayi masa rajista a matsayin kayansa, saboda in wata rana ta tafi ya ɗauko wata ya liƙa mata a ci gaba da gashi. Da aurensu ya mutu a kotu a 1978 ta haƙura da kusan duk dukiyar da suka tara, ta dage dai sai an bar mata sunan, domin ta san shi ne jarin da zata sake tashi da shi, kuma hakan aka yi.

Daga nan sai mawaƙa suka fara maida canza suna wata hanya ta nuna bore. Fela Kuti ya yar da Ransome daga cikin sunansa a 1975 yace sunan bauta ne, ya ɗauki Anikulapo, wanda a Yarabanci yake nufin mai ɗauke da mutuwa a jakarsa. Prince kuwa a 1993, lokacin da rigimarsa da kamfanin Warner Bros ta yi tsami kan wa ke da ikon waƙoƙinsa, sai ya canza sunansa zuwa wata alama da baki baya iya furtawa, 'yan jarida suka rasa yadda za su kira shi, bai dawo amsa Prince ba sai shekarar 2000.

To ina maganar mutum ɗaya da sunan ƙungiya ta samo asali? Na'ura ce ta buɗe ƙofar. A 1979 aka fito da Portastudio, ƙaramin inji da yake ɗaukar layin sauti huɗu a kan kaset na gama-gari, kaga kenan mutum zai iya buga ganga ya naɗa, ya dawo ya ɗora jita, ya ɗora murya, ba sai ya biya kuɗin situdiyo ba. Daga baya kwamfuta ta ƙarasa aikin. Trent Reznor ya fara waƙa da sunan ƙungiya Nine Inch Nails a 1988 yana ma'aikaci a wani situdiyo a Cleveland, yana naɗar nasa in babu kowa, kuma shi kaɗai ne cikakken mamba har 2016. Tame Impala ma haka, Kevin Parker ne ɗan Ostareliya yake rubutawa yake kaɗawa yake haɗa sautin, abokai sai in za a hau dandali. Justin Vernon ya shige bukkar farautar mahaifinsa a Wisconsin lokacin hunturu ya naɗi albam, ya fitar da kansa a 2007 da sunan Bon Iver, wanda ya samo daga gaisuwar hunturu ta Faransanci.

Ni a ganina ba wai ɓuya suke yi ba. Sunan yanka yana ɗaure mutum da iyayensa da maƙwabta da wurin aikinsa, duk abinda ya rera sai ace ai labarinsa ne, amma sunan aiki yana bashi fili ya faɗi abinda bazai iya faɗa da bakinsa na kullum ba, ya sauya salo, ya jawo wasu su shigo su fita, in abin ya ishe shi ma ya rufe ya buɗe wani. Wasu sun kai abin ƙarshe, irin su marigayi MF DOOM da a da yake hawa dandali da takunkumin ƙarfe a fuska, ko Burial na Landan da ba a san waye shi ba sai 2008.

Intanet kuma ta zo da nata ciwon kan. Tunda aka samu shafukan da mawaƙa suke ɗora waƙoƙinsu, MySpace a 2003, sai SoundCloud da Bandcamp, dole suna ya zama wanda in an rubuta shi kai za a gani ba wani ba, kuma wanda lauya bazai turo maka takarda a kai ba. Abel Tesfaye ya cire harafi ɗaya ya zama The Weeknd saboda akwai wata ƙungiya a Kanada mai suna The Weekend. Dan Snaith da yana amfani da sunan Manitoba, a 2004 aka yi masa barazanar kotu dole ya koma Caribou.

Wanda ya fi ban takaici shi ne na Anita White, mawaƙiyar buluz a Seattle da ta shafe sama da shekara 20 tana waƙa da sunan Lady A. A 2020 wata babbar ƙungiya ta gajarta nata sunan ta koma Lady A, su suna da rajista da kuɗi da lauyoyi, har su ne ma suka fara shigar da ƙara, ita kuwa duk wanda ya neme ta a manhajojin sauraron waƙa sai waƙoƙinsu su danne nata. Sai a farkon 2022 aka janye ƙararrakin bayan sulhun da ba a bayyana sharuɗɗansa ba, kuma ƙungiyar tana nan tana amsa sunan.