Ma'anar "fursunan siyasa" da yadda 'yan Tibet suka rayu da wannan suna

Fursunan siyasa shi ne mutumin da hukuma ta tsare saboda ra'ayinsa, ko addininsa, ko adawarsa da masu mulki, ko da kuwa takardar tuhumar da aka karanta masa a kotu ta ambaci wani laifi daban. Mu ma mun san irinsu tun zamanin NEPU, lokacin da aka riƙa ɗaure Hajiya Gambo Sawaba, a sake ta, a kuma kamo ta. Akwai wata kalma mai maƙwabtaka da wannan, wadda ƙungiyar Amnesty International ta yaɗa tun kafuwarta a 1961, wato fursunan aƙida, kuma ana keɓe ta ga wanda bai ɗauki makami ba, bai kuma zuga kowa ya ɗauka ba. Da wuya a sami gwamnatin da za ta amsa cewa tana riƙe da irin waɗannan mutane, domin a bakinta duk masu laifi ne.

Sojojin Sin sun shiga Tibet a 1950, sannan a watan Maris na 1959 aka yi bore a Lhasa, babban birnin Tibet, aka murƙushe shi, Dalai Lama, shugaban addinin Buddha na 'yan Tibet, ya tsallaka zuwa Indiya. Gwamnatin Sin tana kiran shigar tata 'yantarwa, 'yan Tibet da yawa kuwa mamaya suke ce mata. Da farko ana tuhumar waɗanda aka kama da yi wa juyin juya hali zagon ƙasa, amma daga 1997 aka sauya wa tuhumar suna zuwa barazana ga tsaron ƙasa. A ƙarƙashin wannan ne aka yanke wa Tashi Wangchuk shekara 5, alhali abin da ya nema shi ne a koyar da yara harshen Tibet a makaranta.

A ganina, cikin kurkuku ne ma'anar kalmar take fitowa sarai, domin abin da ganduroba yake nema a wurin ɗaurarren shi ne ya amsa cewa ya yi laifi, ya la'anci Dalai Lama, ya nuna ya "gyaru". Wanda ya ƙi sai a ƙara masa shekaru. Takna Jigme Sangpo, malamin makaranta, ya yi shekara 37 a tsare, kuma a 1991, da wata tawagar Suwizalan ta kai ziyara kurkukun Drapchi da ke Lhasa, ya ɗaga murya daga ɗakinsa yana neman 'yancin Tibet, aka ƙara masa shekara 8. Palden Gyatso, ɗan zuhudun addinin Buddha, ya shiga hannu a 1959, bai fito ba sai 1992, bayan an zubar masa da haƙora da sandar lantarki. Da zai bar ƙasar sai ya fita da irin kayan azabar a ɓoye, ya riƙa nuna wa duniya su, saboda ya san gani ya kori ji.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na mata 14 'yan zuhudu, su ma a Drapchi. A 1993 aka shigar musu da rakoda a asirce, suka rera waƙoƙi na begen ƙasarsu da shugabansu na addini, kowacce ta faɗi sunanta a kaset ɗin, tana sane da abin da zai biyo baya. Kaset ɗin ya fita har ƙasashen waje, iyayensu suka san suna raye kuma ba su saduda ba, su kuwa aka ƙara musu tsakanin shekara 5 zuwa 9. Ɗaya daga cikinsu, Ngawang Sangdrol, tana da shekara 13 aka fara kama ta, kuma ƙarin da aka yi ta yi mata ya kai hukuncinta sama da shekara 20, kafin matsin lamba daga waje ya sa a sake ta a 2002. Ba kowa ne ya fita da ransa ba: mata biyar 'yan zuhudu sun mutu a Drapchi bayan zanga-zangar 1998, shi ma Tenzin Delek Rinpoche, wani malamin addinin Buddha, a kurkuku ya rasu a 2015.

Waɗanda suka tsira suka isa Indiya sun kafa ƙungiyar Gu-Chu-Sum a 1991, wadda sunanta yake nufin tara, goma, uku, wato watannin da aka yi zanga-zanga a Lhasa a 1987 da 1988. Tana tallafa wa tsofaffin ɗaurarru, tana kuma adana sunayen waɗanda suke ciki. Akwai sunan da ba a taɓa karanta masa tuhuma a kotu ba, wato Gedhun Choekyi Nyima, wanda Dalai Lama ya ayyana a matsayin Panchen Lama, mai bi masa a daraja a addininsu, a watan Mayu na 1995, hukumomin Sin suka ɗauke shi da iyayensa bayan kwana uku yana ɗan shekara 6. Beijing tana cewa yana zaune lafiya kuma ba ya son a dame shi, amma har yau ba ta bar wani mai bincike mai zaman kansa ya gan shi ba.