Ina Langa, Ina Gaɗa? Magana ga Iyayen Unguwa

Ranar awon da ta wuce wata baiwar Allah ta shigo ɗakin shan maganinmu da goyo, ɗanta mai shekara 12 na biye da ita yana ɗingishi. Ta ce ai ɗan ƙwallo ne, babansa ya sa shi a akadami, wata biyu ke nan gwiwa ta hana shi sakat. Na danna ƙasan ƙoƙon gwiwar, ya janye ƙafa da sauri. Da na tambaye ta ko yana da ƙanwa, ta ce akwai, shekararta tara. Na ce ita wane wasa take yi? Sai ta yi dariya: "Haba Malama, mace? Tana ɗaki tana kallo a wayata."

Gida ɗaya, yaro ya gaji da atisaye har gwiwa ta kumbura, yarinya kuwa ko ƙofar gida ba ta gudu. A da, dandali ne yake raba wannan gardama.

Wanda ya tashi a unguwa ya san langa. A rabu gida biyu, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar. A fitar da mutum ɗaya a ce shi ne ruwa, 'yan gidansa su kare shi har ya kai wurin sha, abokan karawa kuma su yi ta ƙoƙarin ka da shi. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Da idon aikina nake kallon wasan yanzu: cinya tana aiki, zuciya tana bugawa, jiki yana koyon tsayuwa ba tare da tangal-tangal ba, kuma dirar da ake yi a ƙasa ita ce take ƙarfafa ƙashin yaro mai girma. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba. A gaɗa yarinya takan faɗo ta baya, ƙawayenta su cafe ta su cilla, ta dira ta juya, ana tafi ana waƙa har a yi kiran kwanciya. Ga 'yar gala-gala, ga carafke mai koya wa ido da hannu aiki tare, ga ɓuya, ga garin taya da ƙwallon tsumma. Ba kuɗin fom, ba takalmi, ba wanda ake ajiyewa a benci. Rigima in ta tashi, su da kansu suke yanke hukunci, don sun san in ba a shirya ba wasa ya watse.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kullum na motsa jikin da zai sa shi haki, sannan sau uku a mako ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka da ƙashi. A wani bincike da masananta suka fitar a 2019 an gano kashi 81 cikin ɗari na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan awa ɗayar, kuma abin ya fi muni ga mata, kashi 85. Mu da muka yi gaɗa mun cika ta ba mu ma san da ita ba.

Ban ga laifin iyaye ba. Filin da muka yi wasa an yanka shi fuloti, lungu ya cika da babura da a-daidaita-sahu, labarin satar yara ya sa kowa ya kulle ƙofa. Yaro ya dawo boko ya wuce Islamiyya, magariba ta yi.

Akadami kuma ba abokiyar gaba ba ce. Tana koya wa yaro kiyaye lokaci da biyayya, tana raba shi da zaman majalisar banza, kuma ƙasar da ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, daga 1985 zuwa 2015, ba za a hana 'ya'yanta mafarkin zama Ahmed Musa ba. Sai dai akadami ta mai hali ce, kuma kusan ta maza ce zalla. Wanda ba a ga zai yi fice ba yakan ƙare a layi yana jiran a zo kansa. Wanda aka ga alamar haske a ƙafarsa kuma sai a ɗora masa gudu iri ɗaya da bugu iri ɗaya safe da yamma, alhali ƙashinsa bai gama haɗuwa ba. Abin da ya sami yaron nan ke nan: jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa tana jan ƙashin ƙwauri a daidai inda yake girma. An fi ganinsa tsakanin shekara 10 zuwa 15, kuma yakan lafa idan girma ya tsaya. Maganinsa a rage atisaye, a riƙa ɗora ƙanƙara a cikin tsumma. Ba targaɗe ba ne, kada a kai shi a murɗe ko a yi masa tsaga. Kuma don Allah kada wani ya ba yaro ƙwaya, balle tiramol, wai don ya daure ya buga wasa.

Ko a fili ko a lungu, daga Maris zuwa Mayu zafinmu yakan haura maki 40, don haka wasa sai da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa a kusa. Mai sikila a bar shi ya shiga cikin 'yan'uwansa, amma ya sha ruwa sosai, ya huta da zarar ya ji gajiya. Dandali ma yana da nasa haɗarin. Ƙusa ko fasasshiyar kwalba ta soki yaro, a wanke da ruwa da sabulu a kawo shi da katin riga-kafinsa saboda ciwon sarƙe-haƙora. Wankan kududdufi kuwa a hana shi gaba ɗaya, nan ake kwaso tsargiya, yaro ya wayi gari yana fitsarin jini.

Roƙona ga masu unguwanni da iyaye: a zaɓi lungu ɗaya da ababen hawa ba su cika bi ba, ko a nemi izinin shugaban firamaren unguwa a buɗe filinta da yamma. A share, a rufe bakin kwata, dattijo ɗaya ko uwa ɗaya su shimfiɗa tabarma su sa ido. A keɓe wa 'yan mata gefensu, in ba haka ba masu ƙwallo za su cinye wurin.

Yaron na ce ya sassauta atisaye ya dawo bayan mako biyu in sake dubawa. Ƙanwar kuma na ce a zo min da ita. Akwai inuwar darbejiya a bayan ɗakin allura, zan zana mata 'yar gala-gala a ƙasa in nuna mata yadda ake yi, idan tawa gwiwar ta yarda.