Ruwa nawa zan tanada? Tambayoyi da amsoshi ga mai fara dafa giya da tsiron hatsi zalla

Mai dafa giya da tsiron sha'ir zalla, ba tare da kwalbar zaƙin da aka riga aka tace a masana'anta ba, shi ne zai jiƙa hatsin, ya tace, ya ɗauraye, ya tafasa. A kowane ɗaya daga cikin matakan nan ruwa yana raguwa. Shi ya sa sabon shiga kan auna lita 20 a farko, ya tashi da abin da bai kai 12 ba.

Daga ina ake fara lissafin?

Daga ƙarshe. Ka fara tsayar da adadin da kake so ya shiga mazubin tsimi, wato inda za a zuba yis. Daga nan sai ka riƙa komawa baya, kana ƙara duk abin da zai salwanta a hanya, har ka iso ga ruwan da za ka ɗebo tun farko. Bari mu ɗauki lita 20 a mazubi, da tsiro kilo 5, mu bi su har ƙarshe.

A ina ruwan yake ɓacewa?

Wuri biyar ne, kuma ba girmansu ɗaya ba.

Na farko hatsin kansa. Tsiron da aka ɓarza yana shanye kusan lita ɗaya a kowane kilo, kuma ba ya mayarwa, da dusar za a zubar da shi. Kilo 5, lita 5 ke nan sun tafi.

Na biyu tururi. Tukunyar gida takan rasa lita 3 zuwa 4 a awa ɗaya na tafasa. A nan ne mutane suka fi kuskure, domin suna ɗaukar abin a matsayin kaso cikin ɗari na ruwan da ke ciki. Faɗin bakin tukunya da ƙarfin wuta ne ke yanke hukunci. Tukunyar da ke rasa lita 3.5 a awa, kusan haka za ta rasa ko an cika ta ko an zuba mata rabi. Saboda haka mai ƙaramin dahuwa ya fi jin jiki: lita 3.5 daga cikin 13 ba wasa ba ne.

Na uku lakar da ke kwantawa a gindin tukunya bayan tafasa, ta furen hof (furen da ake zubawa don ba giya ɗaci da ƙamshi) da furotin da ya dunƙule. Ka ware mata lita 1 zuwa 2, gwargwadon yawan hof ɗin. Na huɗu ruwan da ke maƙalewa ƙasa da bakin famfon mazubin jiƙo da cikin tiyo. Na biyar kuwa ba asara ba ce ta gaske: ruwa mai tafasa ya fi mai sanyi cika wuri da kusan kashi 4 cikin ɗari, in ya huce sai ya koma.

To yaya jimillar take?

Lita 20 a mazubi, a ƙara lita 1.5 na laka, ya zama 21.5 bayan an sanyaya. Yana da zafi zai nuna kusan 22.4. A ƙara 3.5 na tururi, sai a ce ana bukatar lita 26 a tukunya kafin a fara tafasa. A ƙara 5 da hatsi zai sha, da 1 da zai maƙale a mazubin jiƙo. Jimilla lita 32.

Ka kuma sani cewa lita 20 ɗin nan ba duka za su shiga kwalba ba. Yis zai kwanta a ƙasa ya riƙe kusan lita ɗaya.

Cikin lita 32, nawa ne na jiƙo, nawa ne na ɗauraya?

Na jiƙo da nauyin hatsi ake auna shi. Abin da aka saba shi ne lita 2.5 zuwa 3.5 a kowane kilo. Ga mai farawa lita 3 ta fi sauƙi: yana juyuwa ba wahala, ba ya yin gudaji, kuma zafi na ratsa ko'ina. Kilo 5 sau 3, lita 15. Ragowar 17 na ɗauraya ne. In ka buɗe famfo bayan awa ɗaya na jiƙo, lita 9 kawai za ka samu daga cikin 15 ɗin, kada hankalinka ya tashi. Tara da 17 su ne 26 ɗin da muke nema.

Abin da ake mantawa shi ne hatsin ma yana cin wuri, kusan kashi biyu cikin uku na lita a kowane kilo. Wato mazubin jiƙon sai ya ɗauki sama da lita 18, da ɗan sarari na juyawa.

Zafin ruwan fa, yana shiga lissafi?

Yana shiga, domin yawan ruwa ne ke nuna yadda hatsi zai sanyaya shi. Ana son jiƙo ya tsaya tsakanin digiri 65 zuwa 67 a ma'aunin Salshiyas, inda enzaim ɗin da ke cikin tsiro ke mayar da sitaci sukari. In hatsin yana kan digiri 20, kuma ana zuba lita 3 a kilo, ruwan ya kai wajen 72 kafin a zuba. In jiƙon ya fi haka kauri, sai ruwan ya fi haka zafi. Na ɗauraya kuwa 75 zuwa 78.

In na ƙara ruwan ɗauraya, ba zan fi samun sukari ba?

Za ka ɗan samu, amma ba riba. Ruwan ƙarshe tsararo ne, sai ka daɗe kana tafasawa kafin ka dawo da kaurin da kake so. Sannan in aka wuce gona da iri, ruwan na fara jawo sinadarin tanin daga ɓawon hatsi, giyar ta yi bauri. Masu aunawa da haidiromita, wato ma'aunin kaurin ruwan zaƙi, kan dakata in abin da ke fitowa ya sauka wajen 1.010. Kai dai da tukunya ta kai lita 26, rufe famfo.

Wanda ke jiƙawa cikin jaka, a tukunya ɗaya, lissafinsa daban ne?

Ya ma fi sauƙi. Ruwan duka ake zubawa lokaci guda, babu ɗauraya, babu mazubi na biyu da zai riƙe wani abu. In an matse jakar, hatsi ba ya wuce lita 0.7 a kilo. Lita 26 da 3.5, kusan 29.5. Matsalar girman tukunya ce: da hatsin a ciki za a kai lita 33, don haka sai mai ɗaukar 40.

Na bi umarnin da na gani a rubuce, amma adadi bai zo daidai ba. Me ya faru?

Duba ma'aunin tukuna. Galan ɗin Amurka lita 3.79 ne, na Ingila 4.55. "Galan biyar" na iya zama lita 19, na iya zama 23. Bayan wannan, wanda ya rubuta da tukunyarsa ya auna. Taka auna ta da kanka, da ruwa tsura: zuba lita 20, tafasa awa ɗaya da wutar da za ka yi aiki da ita, bari ya huce, ka ga abin da ya rage. Zuba ruwa a mazubin jiƙo, buɗe famfo, ka juye abin da ya ƙi fita cikin kofin awo. Ka samu doguwar muciya ko sandar ƙarfe mai tsabta, ka yi mata alama lita-lita. A ganina wannan aikin ya fi duk wata manhajar lissafi amfani, domin ita ma manhajar waɗannan lambobin za ta tambaye ka.

In an riga an yi kuskure, da gyara?

Akwai, tunda sukari ba ya bin tururi. Ɗauki lambobi biyu na ƙarshen awon kauri ka ninka da yawan lita, sakamakon ba ya canzawa. Lita 26 a kan 1.040, wato 26 sau 40, ya ba da 1,040. Raba shi da 22.4, adadin ƙarshe yana da zafi, ka samu 46, wato za ka ƙare a wajen 1.046. In ruwa ya yi yawa, tsawaita tafasa, amma kafin ka zuba hof, don kada ɗaci ya wuce yadda aka tsara. In ya gaza kuma kaurin ya haura, ƙara tafasasshen ruwa kaɗan-kaɗan kana aunawa. Sai dai ka bari samfurin ya huce zuwa digiri 20 kafin ka karanta, domin haidiromita a ruwan zafi ƙasa da gaskiya yake nunawa.