Me ya sa ƙ ke komawa ئ™ a imel ɗin da aka kulle?

Hausawan Jidda da Makka, da ɗaliban da ke karatu a Madina, kan haɗa Hausa da Larabci a saƙo guda, shi ya sa sukan iya cin karo da matsalar dagulewar haruffa.

Na kulle saƙo da PGP (hanyar ɓoye rubutu da mabuɗin sirri), wanda na aika wa ya buɗe ya ga shirme. Mabuɗin ne ya lalace?

A'a. Da mabuɗin bai dace ba, da saƙon bai buɗu ba sam. Kwamfuta lambobi take adanawa, kuma kowane tsari da yadda yake fassara su. A tsarin UTF-8, harafin ƙ lambobi biyu ne, C6 da 99. Idan manhajar mai karɓa ta karanta su da Windows-1256, tsohon tsarin Larabci na Microsoft, sai ta nuna ئ™. Idan da na Turai ta karanta, Æ™ zai gani, Larabcin kuwa ya cika da Ø da Ù.

To me ya sa imel na yau da kullum ba ya yin haka?

Shi yana tafe da bayanin tsarin haruffansa a kansa. A tsohuwar hanyar PGP, wadda ake liƙa kullallen rubutu a jikin saƙo, bayanin da ke waje na kullin ne kawai, abin da ke ciki sai manhaja ta yi hasashe. Sabuwar hanyar, PGP/MIME, wanda aka fara fitar da ƙa'idarsa a 1996 aka sabunta ta a 2001, yana kulle rubutun tare da bayaninsa. A ganina duk mai rubuta Hausa ya bar tsohuwar hanyar.

Saƙon da ya riga ya dagule fa?

Idan ئ™ kake gani, lambobin suna nan lafiya: adana rubutun a fayil da tsarin Windows-1256, ka sake buɗe shi da UTF-8. Idan alamar tambaya ce ta maye gurbin harafin, an yi asara tun wajen aikawa, domin Windows-1256 ba shi da ɓ, ɗ ko ƙ. Sai dai a sake turowa.

Wace manhaja zan ɗauka?

Thunderbird, manhajar imel, yana da OpenPGP (buɗaɗɗiyar ƙa'idar PGP) a cikinsa tun 2020, kuma da PGP/MIME yake aikawa. Kafin ka tura takardar ciniki, gwada da jimla ɗaya mai ɗauke da "ƙarfe" da "السلام عليكم", ka tambayi mai karɓa abin da ya gani.